Wa ke magana da wa? Tambayoyi da amsoshi kan nazarin alaƙar masu karatun kwasa-kwasan intanet

Tunda na fara taya 'yan furojet da 'yan mastas duba aikinsu a wannan fanni, tambayoyin kusan iri ɗaya ake min, yau wannan ya turo gobe waccan ta turo, har bakina ya gaji da maimaici. Shi ne nace bari in tara su wuri guda. Na farkon masu sauƙi ne, wanda ya riga ya san kan abin zai iya tsallakawa zuwa tambayar me za a ƙirga a matsayin igiya, don gaskiya can ne aikin yake.

Wai menene nazarin netwok ɗin nan? Irin netwok na waya ne?

A'a, ba ruwansa da sabis ko ƙarfen sabis. Turawa na taƙaita sunansa da SNA, mu kuma mu ce nazarin saƙar alaƙa tsakanin mutane. Maimakon ka tambayi kowa shekararsa nawa, me ya karanta, sai ka tambaya wa ke hulɗa da wa. Kowane mutum ka yi masa ɗigo a takarda, duk biyun da wata hulɗa ta haɗa su ka ja igiya a tsakaninsu, toh ɗigo da igiya su ne kayan aikin gaba ɗaya, sauran lissafi ne a kansu. Ka ɗauki majalisar ƙofar gidanku, ai ka san akwai wanda in bai fito ba ranar majalisa ba ta yin armashi, akwai wanda shi ke kawo labarin ɗaya unguwar, akwai kuma wanda kullum yana zaune amma ba wanda ke tanka masa. Wannan sanin da kake da shi a ka, shi ake so a mayar lamba.

Kuma abin ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1932 wasu 'yan mata 14 suka gudu daga wata makarantar gyaran hali a Hudson ta jihar Niyok cikin sati biyu, Jacob Moreno da Helen Jennings suka zana wace yarinya ke son zama da wace, suka nuna cewa gudun ya bi layin ƙawance ne. Moreno ya wallafa irin waɗannan zane-zane a 1934.

MOOC ɗin fa, me ake nufi?

Kwas ne na intanet da ƙofarsa ke buɗe, ba jarabawar shiga, ba iyakar kujeru. Sunan ya fito ne a 2008, ana danganta shi da Dave Cormier, lokacin da George Siemens da Stephen Downes suka yi wani kwas a Jami'ar Manitoba ta Kanada, ɗalibai 25 ne suka biya kuɗi a aji, sama da 2,000 suka shigo kyauta ta intanet. Amma abin bai yi ƙara ba sai 2011 da Sebastian Thrun da Peter Norvig na Jami'ar Stanford ta Amurka suka buɗe kwas ɗinsu na ƙirƙirarriyar basira mutum 160,000 suka yi rajista. A 2012 shafukan irin waɗannan kwasa-kwasai, Coursera da Udacity da edX, duk suka fito, FutureLearn ta Ingila ta fara kwasa-kwasanta a 2013.

Toh me ya haɗa kwas da zanen ɗigo da igiya?

Lissafi ne mai sauƙi. Malami ɗaya ba zai amsa tambayar mutum dubu ɗari ba ko da ba ya barci, don haka duk tsarin ya jingina ne a kan cewa ɗalibai za su taimaki juna. Tambayar masu bincike ita ce, suna taimakon junan kuwa? Ko kowa na shigowa ne ya yi ihunsa ya fita? Ƙirga yawan saƙonni ba zai faɗa maka ba, saƙo dubu biyar na iya zama hira mai rai, yana kuma iya zama mutum dubu biyar da kowa ya rubuta "sannunku ni sabo ne" ba wanda ya amsa.

Sannan kwasa-kwasan iri biyu ne. Irin na Siemens da Downes, da ake kira cMOOC, su a wajensu alaƙar ita ce karatun, mutane na warwatse a Twitter da Facebook da shafukansu suna haɗuwa ta hashtag. Irin na Coursera da edX kuwa, xMOOC, bidiyo ne da kwiz, tattaunawa tana gefe kamar yaji, wanda ya so ya barbaɗa. In ka kwatanta taswirar wannan da ta wancan ba tare da ka faɗi bambancin ba, ka kwatanta raƙumi da akuya.

Su wa zan nazarta, ɗaliban kwas ko masu surutu a kan kwas?

Ka zaɓi ɗaya tun farko. Waɗanda ke amfani da hashtag na MOOC gaba ɗaya a Twitter, musamman a shekarun 2012 da 2013 da abin ke tashe, yawanci malaman jami'a ne da 'yan jarida da kamfanoni masu talla, suna gardamar ko wannan abu zai kashe jami'o'i. Hashtag na kwas guda kuwa, kamar #edcmooc na Jami'ar Edinbara a 2013 ko #rhizo14 na Cormier, nan za ka tarar da masu karatun kansu. Irin guruf ɗin da yaranmu ke buɗewa a WhatsApp da Telegram kuma wani abu ne daban, rabin hirar a kan yanda ake cike neman tallafin Coursera ne da yanda ake sauke bidiyo da data kaɗan. Duka ukun za su iya zama bincike, amma ba bincike ɗaya ba.

Me zan ƙirga a matsayin igiya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci kuma ita aka fi tsallakewa, kowa na sauri ya ga hoto mai kala-kala. Manhaja ba ta san igiya ba, kai za ka gaya mata. Akwai hanyoyi uku da aka fi bi. Ta farko, amsa kai tsaye: Bala ya amsa saƙon Hadiza, igiya ta tashi daga Bala zuwa Hadiza. Ta biyu, duk wanda ya yi magana a ƙarƙashin wani maudu'i ka haɗa shi da wanda ya buɗe maudu'in. Ta uku, duk waɗanda suka bayyana a maudu'i ɗaya ka haɗa kowa da kowa, da hujjar ai sun zauna a tabarma ɗaya.

Ga inda matsalar take. A ce mutum 200 sun shiga maudu'in gabatar da kai na satin farko, kowa ya faɗi sunansa da garinsu. Da hanya ta uku, 200 sau 199 raba biyu, ka samu igiya 19,900 daga gaisuwa kawai, alhali watakila ko mutum goma ba su karanta na juna ba. Da hanya ta biyu kuma wanda ya buɗe maudu'in ya zama sarkin kwas da igiya kusan 200. Na taɓa duba aikin wata ɗaliba da ta zo min da murna wai ta gano "jagoran al'umma" a guruf ɗinsu, ɗigonsa ƙato a tsakiya kamar faranti, muka koma cikin saƙonnin muka duba, ashe bot ne da admin ya saka yana cewa barka da zuwa ga duk wanda ya shigo yana ambatar sunansa. Sati biyu ta yi tana rubuta sharhi a kan halayen jagorancinsa. Ta yi dariya har da hawaye, amma babi guda ya tafi.

Shawarata, ki fara da amsa kai tsaye, ki cire gaisuwa da sanarwar admin da bot, ki rubuta a babin hanyar bincike dalla-dalla abinda kika cire da dalili. In da hali ki gwada hanya biyu ki gani ko sakamakon ya tsaya. In sunayen da ke sama sun canja gaba ɗaya don kin canja ma'anar igiya, toh abinda kika gano game da zaɓinki ne, ba game da mutanen ba.

Igiya tana da kai da gindi ne, ko duk ɗaya?

Ya danganta. Amsa da ambato da ritwit suna da alkibla, daga wane zuwa wane. Zama a maudu'i ɗaya ba shi da ita. Akwai kuma nauyi, in Bala ya amsa wa Hadiza sau goma sha biyu, igiyarsu ta fi ta wanda ya amsa sau ɗaya kauri. Kada ka zubar da alkibla in kana da ita, za ka ga amfaninta a tambayar mai surutu a ƙasa.

Ina zan samo bayanan? Naji ance Twitter ta rufe ƙofa

Haka ne, kuma wannan ya sa yawancin takardun da za ka karanta na 2013 zuwa 2022 ba za ka iya maimaita hanyarsu yanda take ba. A Fabrairun 2023 Twitter, wadda ta koma X daga baya a shekarar, ta sanar da daina ba da hanyar jan bayanai kyauta, ta masu bincike ma ta tafi. Reddit ta sa kuɗi a 2023. Facebook tun bayan badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya kwashi bayanan masu Facebook ba izini, a 2018 ta ƙuntata, Netvizz, manhajar jan bayanan Facebook da ɗalibai da yawa suka dogara da ita, ta mutu a 2019, CrowdTangle mai bin diddigin rubuce-rubucen Facebook kuma aka rufe ta a Agustan 2024. Bayanan tattaunawar cikin Coursera ko edX kuwa suna hannun kamfanin da jami'ar da ta yi kwas ɗin, shi yasa za ka lura yawancin masu irin wannan bincike ma'aikatan jami'o'in ne.

Abinda ya rage wa talaka shi ne Telegram, sai kuma shigar da bayanai da hannu. Telegram ta kwamfuta tana bari ka fitar da tarihin guruf a fayil na JSON, kuma kowane saƙo na ɗauke da lambar mai shi da lambar saƙon da ya amsa wa, wato igiyarka a shirye. Ƙaramin guruf kuma ba abin kunya ba ne ka zauna da Excel ka shigar da hannu, saƙo ɗari biyar aikin kwana biyu ne, kuma za ka san bayananka fiye da wanda ya ja miliyan da kod. Amma kafin ka taɓa komai karanta amsar izini.

Wani ɗan abu ga mai duba tsofaffin bayanan Twitter na Najeriya: daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta dakatar da ita, masu shiga da VPN suke shiga. In ka ga rami a wannan tsakanin, ba sha'awar karatu ce ta ragu ba.

Guruf ɗinmu na WhatsApp ne, zai yi?

Zai yi amma da wahala. Fayil ɗin da WhatsApp ke fitarwa rubutu ne zalla, lokaci da suna da saƙo, ba ya nuna wane saƙo aka ja aka amsa. Wasu sai su ce duk wanda ya yi magana bayan wani cikin minti biyar ai shi yake amsa wa, ni ban yarda da wannan ba sam, duk wanda ya zauna a guruf ɗinmu ya san hira uku ke tafiya lokaci guda, ana tambayar Python wani ya jefo ta'aziyya wani ya jefo tallar atamfa. Gara ka buɗe wayar ka bi da ido. Ga kuma saƙon murya, wanda a wajenmu shi ne ainihin bayanin, mutum zai yi minti huɗu yana warware lissafi da Hausa amma a fayil ɗin rubutun ba za ka ga abinda ya faɗa ba. Sannan mutum ɗaya na iya shigowa da layi biyu, sai ka haɗe su in ba haka ba ka raba shi gida biyu.

Wanda ya fi kowa surutu shi ne ya fi muhimmanci?

Ba dole ba. Yawan igiyoyin mutum shi ne ma'auni mafi sauƙi, a Gephi, manhajar zana irin wannan taswira, za ka ga an rubuta Degree. Amma raba shi biyu: igiyoyin da suka fita daga gare shi, wato mutum nawa ya yi wa magana, da waɗanda suka shigo, wato mutum nawa suka tanka masa. Mai fita da yawa shigowa kaɗan, ko dai mai taimako ne da ke bin tambayoyi yana amsawa, ko kuma irin mai sa baki a komai ne da an gaji da shi. Mai shigowa da yawa kuma, ko gwani ne da ake nema, ko wanda ya yi katoɓara aka yi masa ca. Lamba ɗaya, fassara biyu masu karo da juna, kuma babu manhajar da za ta raba maka gardama sai ka koma ka karanta saƙonnin.

Menene wannan Betweenness da sufabaiza ke ta nanatawa?

Ni dillanci nake kiransa. Linton Freeman ne ya tsara lissafinsa a 1977. Ana duba kowane mutum biyu a nemo gajeriyar hanyar da ke tsakaninsu, sai a ƙirga sau nawa hanyar ta bi ta kanka. Bari mu yi da mutum bakwai na misali. Audu da Bala da Sani duk suna magana da juna. Hadiza da Zainab da Rabi su ma haka. Maryam kuwa mutum biyu kawai take magana da su, Sani a can, Hadiza a nan. In yawan igiya ka duba, Sani da Hadiza ke gaba da uku-uku, Maryam biyu gare ta kamar kowa. Amma duk hanyar da ta tashi daga ɓangaren su Audu zuwa na su Zainab sai ta bi ta kanta, uku sau uku, tara kenan. Sani takwas, Hadiza takwas, sauran sifili. Ranar da datar Maryam ta ƙare, guruf ya rabe biyu ba tare da kowa ya lura ba.

Wannan yana da alaƙa da abinda Mark Granovetter ya rubuta a 1973. Ya tambayi mutanen da suka sami aiki a garin Newton kusa da Boston ta bakin wa suka ji, sai ya tarar yawanci ba ta aminai ba ne, ta waɗanda ake haɗuwa jefi-jefi ne. Dalili kuwa amininka abinda ka sani shi ya sani. Wato sanin shanu da muke rainawa shi ke kawo sabon labari, kuma a kwas na intanet kusan duk alaƙar sanin shanu ce, don haka kada ka yi saurin share igiyoyi marasa kauri.

Na samu cunkoso 0.01, guruf ɗin ya mutu kenan?

Tsaya tukuna, mutum nawa ne a ciki? Cunkoso shi ne igiyoyin da ke akwai raba waɗanda za su iya kasancewa. A misalin su Maryam na sama igiya 8 ne cikin 21, wato 0.38. Yanzu ɗauki guruf na mutum 20 da kowa ke hulɗa da mutum 10, igiya 100 cikin 190, kusan 0.53. Ɗauki na mutum 1,000 da shi ma kowa ke hulɗa da 10, igiya 5,000 cikin 499,500, wato 0.01. Zumunci iri ɗaya, lamba ta faɗi ƙasa warwas saboda yawa kawai. Don haka kada ka kwatanta cunkoson ƙaramin guruf da na babba, in kwatanci kake so yi amfani da matsakaicin igiyar kowane mutum.

Kalolin da Gephi ke fitarwa, ƙungiyoyi ne na gaske?

Wani lokaci. Maɓallin Modularity yana amfani da hanyar Louvain da wasu masu bincike a Beljiyam suka fitar a 2008, tana neman gungun da igiyoyin cikinsa suka fi na wajensa yawa. Matsalar ita ce ko bayanan banza ka ba ta sai ta fitar maka da gungu, kuma in ka sake dannawa adadin na iya canjawa. Kafin ka raɗa wa gungu suna, duba me ya haɗa su. Sau da yawa harshe ne, ko ƙasa, ko lokacin da suke farke, don ɗan Indiya da ɗan Burazil ba sa zama a kan kwamfuta lokaci ɗaya. Masana na da dogon suna ga wannan ɗabi'a ta kama ta nemi kama, mu dai tuni muka ce sai hali ya zo ɗaya ake abota. A guruf ɗinmu na gida ka sa ido kan maza da mata, in ka ga ɗigon mata a gefe-gefe kada ka rubuta cewa ba sa shiga karatu, tambaye su, sau da yawa akwai wani guruf nasu daban da ba ka ciki.

Masu shiru fa, 'yan laɓe?

Su ne mafi yawa kuma taswira ba ta ganinsu. Jakob Nielsen a 2006 ya yi ƙiyasin da ya shahara, cikin ɗari 90 karatu kawai suke, 9 na magana jefi-jefi, 1 ne ke yawancin rubutun. Ƙiyasi ne ba doka ba, kada ka kwafa shi a matsayin sakamakonka. Abin lura shi ne mai shiru ba lallai ne bai amfana ba, wani ya karanta amsar da aka ba waninsa ta warware masa matsala ya wuce, wani kuma ya bi mai amsar ta inbos suka yi awa guda. Duk wannan ba igiya ko ɗaya. Ko yaya dai ka faɗi adadinsu a rahotonka: mutum nawa ke guruf, nawa suka taɓa magana, nawa suka samu amsa. Waɗannan lambobi uku sau tari sun fi hoton faɗin gaskiya.

Me waɗanda suka riga mu suka gano?

A manyan kwasa-kwasai, abin bai kai yanda aka yi ta kururutawa ba. Nabeel Gillani da Rebecca Eynon na Oksfod sun duba tattaunawar wani kwas ɗin kasuwanci na Coursera, a 2014 suka bayyana cewa masu shiga sun fi kama da taron jama'a da ke haɗuwa ya watse, ba al'ummar da ta san juna ba. Kamar tasha kenan, ba kamar unguwa ba. A shekarar dai Jonathan Huang da abokan aikinsa suka duba 'yan tsirarun da ke zuba rubutu fiye da kowa a Coursera, suka ga galibi ba sa danne sauran, kasancewarsu na tafiya ne da ƙarin motsi a wurin.

Ka haɗa wannan da yawan masu ficewa. MOOC ɗin farko na jami'ar MIT ta Amurka a 2012, na lantarki, kusan mutum 155,000 suka yi rajista, wajen 7,000 suka sami satifiket. Justin Reich da José Ruipérez-Valiente a 2019 sun duba kwasa-kwasan MIT da Harvard a edX, suka tarar fiye da rabin masu rajista ba su ma taɓa buɗe darasi ba, masu kammalawa a zangon 2017 zuwa 2018 kuma wajen kashi 3 ne cikin ɗari. Toh da wa za ka ƙulla zumunci in wanda ka gaisa da shi ran Litinin ya ɓace kafin Juma'a?

In na nuna masu igiya da yawa sun fi cin jarabawa, zan iya cewa hira ce ta sa?

A'a, kuma nan ne masu difens ke kama mutane. Wanda ya kai sati na takwas ya fi wanda ya fice a na biyu damar tara igiyoyi, don kawai ya daɗe. Mai himma kuma himmarsa ce ke sa shi hira, ita ce kuma ke sa shi karatu. Ga mai wuta da waifai a ofis, ga mai cajin waya a shago. Abinda za ka iya shi ne ka ɗauki igiyoyin sati biyun farko kaɗai, ka duba ko suna hasashen wanda zai kai ƙarshe cikin waɗanda duk suka kai sati na biyun, sannan ka rubuta "yana tafiya tare da", ba "yana haifar da" ba.

Sai na nemi izini? Ai guruf ɗin a buɗe yake

Nemi. Guruf ɗin da ake shiga da link ba kasuwa ba ce, mutane sun yi magana ne da zaton 'yan ajinsu ke ji. Ka gaya wa admin, a sanar a guruf, wanda bai so a cire shi, in jami'arku na da kwamitin ɗa'ar bincike ka bi ta nan. Najeriya na da dokar kare bayanan mutane ta 2023, Turai na da tata da ta fara aiki a 2018, kuma kwas na duniya da wuya ka rasa Bature a ciki.

Canja suna zuwa lamba ma bai wadatar ba. A 2008 wasu masu bincike suka saki bayanan Facebook na ɗalibai wajen 1,700 sun ce sun ɓoye komai, cikin 'yan kwanaki aka gano Harvard ce. A ƙaramin guruf abin ya fi sauƙi, duk ɗan guruf da ya ga taswira zai ce ai wannan ta tsakiyar Maryam ce. Kuma kada ka kwafo saƙon mutum kalma da kalma, ana iya neman sa a gano mai shi. Lambobin waya kuwa goge su tun ranar farko, kada su kwana a laftof ɗinka.

Wace manhaja zan koya, ban iya kod ba?

Gephi. Kyauta ce, ɗalibai ne a Faransa suka fara ta a 2008, kuma abinda take so kawai fayil ɗin CSV mai ginshiƙi biyu, Source da Target, in da nauyi ka ƙara Weight. NodeXL na zama a cikin Excel na Windows, akwai na kyauta akwai na kuɗi. In ka fara Python akwai NetworkX, masu harshen kod na R kuma igraph. Tsohuwar laftof mai ram 4 za ta ɗauki ɗigo 'yan dubbai ba matsala.

Hotona ya fito kamar taliyar da ta cuɗe, ya zan yi?

Kowa haka nasa ya fara. Sa ForceAtlas2, tsarin shimfiɗa ɗigo da ke cikin Gephi, ya baje shi, girman ɗigo ya bi ma'auni ɗaya, kala ta bi gungu, cire sunaye sai na 'yan kaɗan. Amma ka sani sama da ƙasa, hagu da dama a hoton ba su da ma'ana, in ka sake kunnawa wanda ke gabas zai iya komawa yamma. Kusanci ne kawai ke nuna wani abu, shi ma ba sosai ba. In ka tace ka ɓoye masu igiya ɗaya don hoto ya yi kyau, faɗi haka a ƙarƙashin hoton, don su ɗin da ka ɓoye su ne rabin labarin kamar yanda muka gani a amsar 'yan laɓe.

In haɗa duk satittikan kwas a taswira ɗaya?

Yi ɗaya ta gaba ɗaya don gabatarwa, amma ainihin nazarin yanka shi sati-sati. In ka cakuɗa, wanda ya yi magana a satin farko ya tafi zai bayyana kamar maƙwabcin wanda ya shigo a na shida, har lissafin dillanci ya bi da hanya ta kansa alhali lokacin ba ya nan. Da yanka za ka ga abubuwan da suka fi ban sha'awa, yanda ake cika a farko, yanda ake ɗan farfaɗowa daf da ranar miƙa aiki, da ko akwai 'yan tsakiya da ke dawowa kowane sati suna amsa wa juna. Masu digiri na uku da ke son gwada dalilin ƙulluwar igiya a tsawon lokaci su nemi manhajar RSiena ta Tom Snijders, amma tana son a ce mutanen ba sa yawan shiga da fita, wanda kuwa shi ne ainihin halin MOOC.

Da me zan fara gwaji kafin in taɓa bayanan gaske?

Da bayanan kulob ɗin wasan karate na Zachary. Wayne Zachary ya bi wani kulob a wata jami'ar Amurka a farkon shekarun 1970, mutum 34 da igiya 78, rigima ta shiga tsakanin mai koyarwa da shugaban kulob har suka rabe biyu, kuma daga igiyoyin kaɗai ya iya faɗin ɓangaren da kowa zai bi, mutum ɗaya tak ya kuskure. Bayanan na cikin NetworkX da igraph, kuma ana samunsu a fayil ɗin da Gephi ke buɗewa. Loda shi, danna Network Diameter don ya lissafa dillanci, danna Modularity sau uku ka ga ko adadin gungun ya tsaya. Bayan nan ka shigar da su Maryam bakwai da hannunka a Excel, layi takwas ne kawai, ka zaɓi marar alkibla lokacin lodawa, in Gephi ta ba Maryam 9 ta ba Sani 8 toh fayil ɗinka daidai yake.